Shin Ko Kun San? Jini, Gado da Takardar Sakamakon Yaro

Ranar da aka raba takardun sakamako a lakwal, ku kasa kunne ku ji abin da ake faɗa a zaure da tsakar gida. Yaron da ya zo na ɗaya, sai a ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya zo can ƙasa, sai a ce kansa ba ya ja, haka baffansa ya yi, jini ne. Daga Sarkin Yamma zuwa Safo, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, maganar ba ta sauyawa. A cikin kalmar nan ta jini akwai gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Amma akwai hukuncin da ake yanke wa yaro da ita tun ba a kira shaidu ba. Shaidun za mu kira yau.

Shin ko kun san cewa ɗan Adam yana ɗauke da ƙunshi 46 na ƙwayoyin gado, 23 daga uwa, 23 daga uba? Cikin ƙunshin nan aka naɗe zaren da masana ke kira DNA. Rabon da uwa ta bayar haruffa ne kimanin biliyan 3, na uba ma haka, kuma sai a shekarar 2003 aka sanar da kammala babban aikin karanta su. Ga wani abin mamaki: jajayen ƙwayoyin da ke ba jini launinsa ba su ɗauke da wannan ƙunshi ko ɗaya. A tushen gashi da fata da ƙashi da ƙwaƙwalwa yake zaune, da fararen ƙwayoyin jini.

Shin ko kun san cewa shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, a rabin abin da ke bambanta mutane kawai suke tarayya, in an ɗauki matsakaici? Kowane ciki sabon rabo ne. Don haka uban da ke ce wa ƙaramin ɗansa, "Yayanka ya ci BEPC, kai me ya hana ka?" yana gwada mutum biyu ne da ba rabo ɗaya suka samu ba, ko da nono ɗaya suka sha.

Saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai basira daga wajen uwa kaɗai ake gadonta, ba shi da tushe. Daga ɓangarorin biyu take zuwa. Na tsaya a kan wannan ne saboda na san yadda ake amfani da irin maganar a gidan da ke da mata biyu ko uku. Sai ka ji an ce ƴaƴan ɗakin wance ba sa karatu, a ɗora wa mace laifin da ba ta yi ba, a manta uban ɗaya ne kuma rabin gadon nasa ne.

Shin ko kun san cewa mutumin da ya fara gano ƙa'idar gado da wake ya yi aikinsa? Gregor Mendel ke nan, malamin coci a garin Brno, wanda ya gabatar da bincikensa a 1865. Launin ƙwayar wakensa ƙwayar gado guda ce ke juya shi, shi ya sa lissafin ya fito masa sarai. Karatu ba haka yake ba. An daɗe ana neman ƙwayar gado ta hazaƙa, ba a same ta ba, domin babu ita. A 2016 masana suka duba DNA na mutum kusan 300,000, suka gano wurare 74 masu alaƙa da yawan shekarun da mutum ya yi yana karatu. A 2018 aka duba mutum miliyan 1.1, wuraren suka zama 1,271. A 2022 aka duba miliyan 3, suka kai 3,952. Kowane ɗaya tasirinsa bai taka kara ya karya ba. In aka tara su kaf, abin da suke iya bayyanawa na bambancin zurfin karatu tsakanin mutane kashi 12 ne zuwa 16 cikin 100. Da aka gwada lissafin tsakanin ƴan gida ɗaya kuwa, sai ƙarfinsa ya ragu da kusan rabi.

Su Hassan da Husaini ne manyan shaidu a wannan fage. Tagwaye iri biyu ne: masu kama ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙwai guda kuma gadonsu kusan ɗaya ne sak, da waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, waɗanda gadonsu kamar na sauran shaƙiƙai yake. In masu kama ɗaya sun fi kusantar juna a maki, an san gado na da hannu. A Ingila, Robert Plomin da abokan aikinsa na King's College a Landan sun bi tagwayen da aka haifa daga 1994 zuwa 1996 tun suna jarirai. A 2013 suka fitar da sakamakon tagwaye fiye da 11,000 a jarrabawar da ake yi a shekara 16, wadda ta yi kusa da BEPC ɗinmu. Suka samu kashi 58 cikin 100 na bambancin maki a manyan darussa yana da nasaba da gado.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa, don haka mu tafi sannu. Wannan 58 ba ta nufin in ɗanka ya ci maki 10 cikin 20, shida na jini ne huɗu na ƙoƙari. Magana ce kan abin da ya bambanta yara da juna a wuri ɗaya, a zamani ɗaya. Manomin Sarkin Yamma ya fi kowa sanin wannan. Ɗauki irin hatsi cikin ƙwarya ɗaya, ko na gida ko CIVT ɗin da aka inganta a tashar bincike ta Tarna kusa da Maraɗi. Shuka rabi a gonar da ta sha taki da ruwa, rabi a jigawar da ta gaji. Cikin gonar taki, zangarniyar da ta fi ƴar uwarta, iri ne ya bambanta su, tun da ƙasar ɗaya ce. Amma tazarar da ke tsakanin gonar taki da jigawa, ita ba ruwan iri da ita. Yaran Ingila da aka auna duk sun ƙoshi, duk suna da aji da littafi, dukkansu da harshen gidansu ake koya musu. Inda aka daidaita ƙasa, dole iri ya fito fili.

Shin ko kun san cewa har wuce tsammani ko gaza kai masa yana da ɗan rabo na gado? Wannan tambaya Claire Haworth da abokan aikinta suka yi a 2011, da tagwaye ƴan shekara 12 kimanin tagwai 4,000. Suka ce to, mu cire kaifin basirar yaro, mu cire makin da ya saba ci a baya, mu duba abin da ya rage, wato yadda ya zarce ko ya kasa abin da aka zata masa. Ana jin ragowar aikin makaranta ce zalla. Sai aka tarar kusan rabin bambancin da ya rage shi ma yana bin gado. Fassarar da ta fi kama hankali ita ce, yaro ba ƙwarya ba ce da ake zuba wa fura. Da halinsa yake zuwa aji: wani mai naci ne, wani mai tambaya, wani mai kunya, wani ba ya iya zama wuri ɗaya. Halin nan ma akwai gado a cikinsa, kuma shi ke sa yara biyu su zauna gaban mushe ɗaya su tashi da abu daban. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa kowane almajiri da inda allonsa ya tsaya, ba a ja su duka da igiya ɗaya.

To ko za a iya duba DNA na yaro a faɗi makomarsa a aji? An gwada. A 2020 Tim Morris da abokansa na jami'ar Bristol suka duba yara kimanin 3,500, suka gwada hasashen DNA da sakamakon da yaran suka ci a zahiri. Ga yaro guda, hasashen bai yi ƙarfin da za a dogara da shi ba. Akwai masu babban lissafi na gado da suka tsaya tsakiya, akwai masu ƙaramin lissafi da suka yi fice. Makin da yaro ya ci bara ya fi DNA ɗinsa faɗin abin da zai ci bana. In masu injin karanta DNA ba su iya yanke wa yaro ɗaya hukunci ba, ina ga mai zama a bakin zaure yana duban baffansa?

Shin ko kun san cewa akwai gadon da ba ya bi ta jini? A ƙasar Ayislan, inda aka tattara DNA na iyalai masu yawa, Augustine Kong da abokan aikinsa suka duba rabin gadon iyaye da bai shiga jikin ɗa ba sam. A 2018 suka bayyana cewa shi ma wannan rabi yana da alaƙa da nisan karatun ɗan, da ƙarfin da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na rabin da ya shiga. Ta yaya abin da ba ka gada ba zai taɓa ka? Ta hanyar gidan da iyayen suka gina: hirar da ake yi, littafin da ke ajiye, tambayar da ake amsa wa yaro maimakon a kore shi. Muna cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Ku duba da kyau, ɗan maƙeri bai fito ciki da iya zuga ba. Tun yana rarrafe yake jin ƙarar uwar maƙera, ya fara koyo shekara goma kafin ɗan na koya ya iso. Haka ɗan gidan malamai da ke jin tilawa tun yana goye. Yawancin abin da muke kira gado koyo ne da aka fara da wuri.

Kuma duk manyan binciken nan na miliyoyin mutane, a kan masu asalin Turai aka yi su. In aka ɗauki lissafin aka gwada a kan masu asalin Afirka, ƙarfinsa faɗuwa yake warwas. Dalili shi ne Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. A 2020 shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 kacal daga al'ummomi 50 na nahiyar, ya ci karo da bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Kada a ce na zaɓi shaidun da suka yi mini daɗi. A 2003 Eric Turkheimer ya nuna cewa a gidajen matalautan Amurka tasirin gado kan basirar yara ƴan shekara 7 ya kusa ɓacewa, yanayin gida ya danne shi. Amma a Yammacin Turai ba a sake ganin haka ba. A Najeriya ma, Yoon-Mi Hur da Timothy Bates sun auna tagwaye 3,192 masu tasowa, suka bayyana a 2019 cewa gado na da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na bambancin basira, duk da talauci. Ashe gado yana nan a wajenmu kamar ko'ina. Abin tambaya shi ne me ya tsaya tsakaninsa da takardar sakamako.

Na farko tukunya ce. Shin ko kun san cewa ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu? Kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram ne kan gaba. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da taimakon abincin gyaɗar nan Plumpy'Nut. Yaran da suka tsira a waccan shekara su ne suka cika azuzuwan CI, ajin farko na firamare, bayan shekara huɗu ko biyar. Nawa ne daga cikinsu aka kira daƙiƙai, aka ce jini ne? Yau da yawansu iyaye ne, kuma watakila har yanzu suna ɗauke da sunan a zuci.

Amma tsumburewa ba rufe ƙofa ba ce. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor ta ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa ziyartar gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yaba masa. Bayan shekara 20 aka nemo su. Waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Ba magani aka ba su ba. Hira ce da wasa, abin da kowace kaka a ƙauyukanmu ta iya, in an daina ce mata surutu da jariri wauta ne.

Shin ko kun san cewa a gundumar Madarunfa aka gwada allurar rigakafin gudawa da duniya ta yi ta magana a kai? Ba allura ba ce ma, ɗigo ne a baki. A 2014 da 2015 cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin ƙwayar cutar rota mai jure zafi a kan jarirai fiye da 3,500 na wannan yanki, sakamakon ya fito a 2017: ya rage gudawa mai tsanani ta wannan cuta da kusan kashi biyu cikin uku. Gudawa mai maimaituwa tana cikin abubuwan da ke tsumburar da yaro. Iyaye matan da suka kai jariransu sun yi wa makarantun gobe aiki.

Zazzaɓin cizon sauro shi ma yana shiga aji. Binciken da aka yi a Kampala ta Yuganda, wanda ya fito a 2008, ya nuna cewa cikin yaran da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa suka rayu, ɗaya cikin huɗu yana da rauni a tunani ko natsuwa bayan shekara biyu. Maganin rigakafin damina da ake rabawa gida-gida ga yara masu wata 3 zuwa shekara 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, kuma Madarunfa na cikin gundumomin da aka fara shi a Nijar a 2013. Kashi na biyu da na uku da ake bar wa uwa ta bayar a gida, su ake yawan mantawa.

Gishiri fa? Inda babu sinadarin aidin a abinci, maƙoƙo ne ake gani a wuya, amma ɓarnar da ba a gani ta fi. Da aka haɗa bincike 18 a 1994, an samu tazarar maki kimanin 13 a ma'aunin basira, wanda matsakaicinsa 100 ne, tsakanin al'ummomin da ke da aidin da waɗanda ba su da shi. Mai ciki ta fi kowa bukatarsa.

Sai dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Da yawa cikin waɗanda suka rayu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Tun da haƙar zinariya ta iso yankin Ɗan Isa a 2021, wannan labari ya zama na kusa: dutsen ma'adini ba abin kawowa gida ba ne. Ko kun san wani kwallin ma dalma ce? A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Yanzu mu shiga ajin kansa. Yaro ɗan shekara 7 ya taso da Hausa, ya iya ƙirga awaki, ya iya canjin dala da jaka a kasuwa, ya haddace surori. Ranar farko a CI sai a tarbe shi da Faransanci, a ce ya koyi karatu da harshen a lokaci guda. In ya yi shiru a ce ba ya ganewa. A gwajin PASEC na 2014, wanda ya haɗa ƙasashe 10, Nijar ce ta zo ƙarshe: ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamare bai kai matakin da ake bukata a karatu ba. Burundi, inda ake fara wa yara da harshensu na Kirundi, ita ta yi zarra a ƙananan azuzuwa. A gwajin 2019 Nijar ta tashi zuwa kimanin uku cikin goma. Jinin ƴan ƙasa bai sauya cikin shekara biyar ba.

Maganar harshe ba sabuwa ba ce a wajenmu. Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar da aka haifa a Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka da a koyar da yara cikin harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa a Damagaram. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da nake jira in gani shi ne littafin Hausa a hannun ɗan CI na Sarkin Yamma, da mushen da aka horar ya koyar da shi.

Ajin kara kuwa sai an gama girbi ake samun abin gina shi, ruwan farko kuma ya tashe shi. Yaron da ke cikinsa shekararsa ta karatu gajera ce ta kai da ta ƙafa, amma jarrabawa ɗaya zai zauna da ɗan ajin siminti. Mutanen Maraɗi ba su manta 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a cikin birni, yara aƙalla 25 suka rasu. Allah Ya ba iyayensu haƙuri.

Shin ko kun san cewa zama a makaranta shi kansa yana ƙara kaifin basira? Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun tattara bayanan mutum fiye da 600,000 a 2018, suka samu kowace shekarar karatu tana ƙara maki 1 zuwa 5 a ma'aunin basira. Muna ɗauka mai basira ne ke daɗewa a lakwal. Haka ne, amma daɗewar ma na haifar da basirar. A ƙasar da ƴan mata uku cikin huɗu ke yin aure kafin shekara 18, wannan lissafi ya fi shafar ƴaƴa mata. Yarinyar da aka cire a CM1, kafin ta gama firamare, ba a ga iyakar kanta ba.

Tsammanin malami ma yana da nauyi. A tsakiyar shekarun 1960, a wata firamare ta jihar Kalifoniya, Robert Rosenthal da shugabar makarantar Lenore Jacobson suka ba malamai sunayen yara kimanin ɗaya cikin biyar, suka ce gwaji ya nuna waɗannan za su yi fice bana. Alhali da ƙuri'a aka zaɓo sunayen. A ƙarshen shekara, a aji na ɗaya da na biyu, yaran nan suka fi sauran ci gaba. An soki binciken sosai, kuma waɗanda suka biyo baya sun nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba. Amma yana nan, ya fi ƙarfi a ƙananan azuzuwa da kan yaran da dama an raina su. Wanda aka sa wa rai ana kiransa allo, ana jiransa ya gama tunani, ana gyara masa. Wanda aka ce gidansu ba sa karatu, layin baya ake tura shi.

Shin ko kun san cewa abin gado ma yana gyaruwa? A 1934 likita Asbjørn Følling na ƙasar Norwe ya gano wata cutar gado da ke lalata ƙwaƙwalwar jarirai saboda jikinsu ba ya iya sarrafa wani sinadari na cikin abinci. Ta gado ce tsantsa. Amma tun shekarun 1950 aka gane in an sauya wa jaririn abinci da wuri, zai tashi da hankalinsa. Raunin gani daga nesa shi ma yana bin gida, tabarau kuwa yana maganinsa cikin minti ɗaya. Kafin a ce yaro ba ya ganewa, a matso da shi gaban allo a gani, a kuma yi masa magana ta bayansa a ji ko zai waiwayo, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko ciwon kunne mai ruwa.

Akwai dai wuri guda da kalmar jini ta faɗa daidai, kuma nan ne muka fi yin sakaci. Amosanin jini, wanda a nan ake kira emasi, a Najeriya sikila. Ita ƙa'idar Mendel take bi sak. In uwa AS ce uba ma AS, wato masu ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai cutar. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba: gida na iya samun uku a jere, wani gidan ko ɗaya. Ta yawaita a yankinmu ne domin mai AS yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, abin da Anthony Allison ya nuna a 1954. A Najeriya kaɗai ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar duk shekara. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin wannan ɓoyayyen gado. Binciken birnin Bradford na Ingila a 2013 ya samu lahanin haihuwa na tashi daga kimanin kashi 3 zuwa 6 cikin 100 in ma'aurata ƴaƴan wa da ƙani ne. Mafi yawan ƴaƴan lafiya lau suke zuwa, don haka ba tsinuwa ba ce ga zumunci, dalili ne na yin gwaji kafin a sa rana.

Kowa ya san emasi da ciwon ƙashi da rashin zuwa aji. Abin da ba a cika sani ba shi ne tana taɓa ƙwaƙwalwa. In ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. Kusan ɗaya cikin uku kuma ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu kan toshe a ɓoye tun suna yara, ba faɗuwa, ba karkacewar baki. Alamarta a takardar sakamako take fitowa: yaron da yake cikin na gaba bara, bana ya koma mantuwa, lissafi ya gagare shi, rubutunsa ya lalace. A gida a ce ya sangarce, a lakwal a ce ya yi lalaci, bulala ta biyo baya.

Rigakafin shanyewar jikin nan a Kano aka tabbatar da shi. Likitoci ƙarƙashin Shehu Umar Abdullahi na asibitin koyarwa na Aminu Kano, tare da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt a Amurka, sun yi amfani da na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba yanka ba allura. Yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da aka ga suna cikin haɗari, a Kano da Kaduna, aka sa su kan ƙwayar haidiroksiyuriya da ake sha kullum. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin ya rage shanyewar jiki ƙwarai in an gwada da abin da aka saba gani ga yaran da ba a yi wa komai ba. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi a Yamai, kuma ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar cutar a duniya. Yaro mai emasi yana bukatar a bar shi ya sha ruwa a cikin aji, ya fita bayan gida ba tare da roƙo ba, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, a taimaka masa ya cike darasin da ya wuce shi yana kwance. In kuwa makinsa ya faɗi ba dalili, ko hannunsa ɗaya ya yi nauyi, ko maganarsa ta sauya ko da na ɗan lokaci ne, ranar nan za a kai shi likita.